Kabad ɗin da ya faɗo wa ɗiyata

A zamanin shugaban ƙasarmu na farko, lokacin da Garwa ta fara cika da gidajen siminti, sana'ata jere ce. Mu 'yan kaɗan ne a unguwar Rumde Ajiya. In za a kai amarya, mu ake kira mu shirya mata ɗaki, mu ɗora kwanukanta ɗaya bisa ɗaya, kuma ba ta tarewa sai mun gama.

Sai ga wani mutum ya zo daga kudu, wai ya koyo ƙawata ɗaki irin na Turawa. Muse muke ce masa. Shi ke zaɓen fenti, shi ke cewa ga inda gado zai zauna, kuma shi ya kawo kabad mai gilashi da ake kafawa a bango, ba ya taɓa ƙasa. Surukina, mijin ɗiyata, mahauci ne, yana son burgewa, ya ɗauko shi ya gyara wa ɗiyata ɗaki. Bangon ɗakin na ƙasa ne, an dai shafe shi da siminti. Muse ya kafa kabad ɗinsa daidai saman gado, ya ga tulin kwanukan da tangaran da idonsa, ya ce mu zuba. Muka zuba.

Damina ta zo, bango ya sha ruwa. Wata rana da hantsi ɗiyata na kwance, kabad ya baro bango da duk abin da ke cikinsa. Ƙugunta ya karye. Ta warke, amma har yau in tana tafe sai ka ce ƙasar ce ta karkace.

Ni abu ɗaya na nema: ya buɗe baki ya ce laifinsa ne. Na kai shi tiribinal, wato kotu. Ya zo da kwat, ya yi ta Faransanci, tafinta na juya mini. Wai shi kyau yake yi, ƙarfin bango aikin magini ne. Magini ya ce shi bai rataye komai ba. Muse ya ƙara da cewa kabad na 'yan farantai ne, matan Hausawa suka mai da shi rumbu. Alƙali ya duba ya duba, ya ce doka ta san magini, ta san kafinta, amma ba ta san mai ƙawata ɗaki ba. Aka sallame mu. A bakin ƙofa Muse ya ce mini, "Dada, sai haƙuri, ƙaddara ce."

Na ce, "To, ɗana."

Na koma na tara abokan jerena. Muka yi alkawari: ɗakin da hannunsa ya taɓa, namu ba zai taɓa ba. Na jira. Rani ya wuce ina jira.

Sai wani Alhaji dillalin shanu a unguwar Jambutu ya tashi aurar da 'yarsa, kuma Muse ne ya gyara ɗakin. Aka aiko mana, muka je. Na shiga ɗakin na ɗaga kai, ga kabad a saman gado, ya ma fi na ɗiyata girma. Muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida muka zauna. La'asar ta yi, kwanuka na nan a zube, dangin ango sun fara leƙe. Alhaji ya fito ransa a ɓace.

"Iya, lafiya? Kuɗi ne bai isa ba?"

"Lafiya lau, Alhaji. A kira mai kabad ya kwanta a gadon nan, mu kuma mu jera. In ya kwanta har muka gama, 'yarka ma ta kwanta."

Alhaji ya kalle ni, ya leƙa ɗaki ya kalli kabad, ya ce a kira shi.

Muse ya zo yana dariya, ya tuɓe takalmi ya miƙe a gadon amarya. Mata suka cika ƙofa. Na fara ɗorawa, a hankali, ban yi gaggawa ba. Manyan kwanuka tukuna, sannan tangaran. Duk wanda na ajiye sai na ce, "Muse, da sauran wuri?" Wata tsohuwa ta ce, "Rufe ido, ango, mu za mu tashe ka." Dariyarsa ta ɗauke. Gumi ya jiƙa kwat. Da na ɗauko tukunyar ƙarfe, sai ƙasa ta ɗan zubo masa a goshi. Ya yi wuf ya diro, ya bangaje mata, yana cewa a sauke, a sauke, bangon ba zai riƙe ba.

Na tare ƙofa. Na ce, "Na ɗiyata fa?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Laifina ne. Ban gwada bangon ba."

Na ce ya maimaita da Fulatanci don dangin ango su ji, da yake shi ne yarensu. Ya maimaita. Na ce saura Faransanci, tunda da shi ya musa. Ya faɗa.

Alhaji ya sa aka ciro kabad aka jingine a ƙasa, muka yi jerenmu, amarya ta tare. Kafin sati ya zagayo, duk gidan da Muse ya yi aiki an sauke kabad ɗinsa. Daga baya na ji yana garin Kaele yana fentin ƙofofin ɗakunan ajiyar auduga.

Ɗiyata ta ce ta yafe masa. Wannan tsakaninta da Ubangijinta ne. Ni ban yafe ba.