Numfashin da Na Ba Matar Makiyayi

Sama da shekara ashirin na yi ina aikin jinya a sojan ruwa, ni da aka haifa a Dogarawa, inda ruwan da muka fi sani shi ne gulbin da ke cika da damina ya ƙafe kafin a gama sussuka. Uwata 'yar tsallaken iyaka ce, can wajen kawuna na yi makaranta, shi ya tura ni aikin a ƙasarsu. Shekarun farko a jirgi na yi su, cikin wani ɗan ɗaki mai gado biyu da kabad ɗin magani, ina ɗinke goshin masu faɗowa daga matakala, ina riƙe wa ƙatti bokiti suna amai, in sun fita ni ma in yi nawa. Daga baya aka mai da ni asibitin sojan ruwa, sai wankin gyambo da juya waɗanda ba sa iya juya kansu, da haƙuri da matan hafsoshi masu zuwa da ciwon kai suna son a ta da wani daga gado saboda su.

Abu guda ne ba a taɓa sassauta mana a kansa ba, wato ceton wanda ruwa ya ci. Duk wata sai an shimfiɗa mana mutum-mutumin roba a ƙasa. Ka durƙusa, ka ɗaga haɓarsa, ka toshe hancinsa, ka hura masa iska a baki, ka danna ƙirji kana ƙirgawa, wani tsohon saje na tsaye a kanka yana zagin kakanninka. Na yi wa roba har gwiwoyina suka yi kanta. Na yi wa mutane na gaske sau huɗu, biyu suka tashi.

Da na yi ritaya na dawo gida, na ɗauka za a amfana da ni. Ina! Mutanenmu allura suke so. In ka ce wa mutum ya dama gishiri da sukari a ruwa ya sha ya huta, sai ya dube ka kamar ka zagi ubansa, ya hau kabu-kabu sai Konni, wajen mai tallan magani a faranti wanda ko sunansa bai iya rubutawa ba. A majalisa suka laƙaba mini likitan kifi. Suna faɗa suna ƙyaƙyata dariya, alhali rabinsu ba su taɓa shiga ruwan da ya wuce cinyarsu ba.

Wata ranar kasuwa, lokacin da gero ke fitar da kai, an kwana ana ruwa, gulbi ya kawo. Ina gonata kusa da mashigi da hantsi sai na ji ihu. Matan Fulani ne ke tsallakawa da ƙoren nono a ka, ƙafar ɗayarsu ta zame, ruwa ya tafi da ita. Saiwar wata bishiya ta riƙe zanenta a kwanar gulbin, samari biyu suka jawo ta gaɓa. Kafin in iso da gudu, da tsufana da komai, an riga an lulluɓe ta da mayafi, 'yan'uwanta na kuka, maza sun kewaye ta hannu a baya. Wani dattijo har ya fara zaɓen wanda zai kai wa mijinta labari.

Na ce, "Ku ba ni wuri."

Dattijon ya ce, "Likita, ta riga ta tahi. Bar ta da Ubangijinta."

"Wa ya duba ta?"

Ashe babu wanda ya duba. Na yaye mayafin, na kara kunne a bakinta, ba numfashi. Leɓunanta sun yi toka-toka. Na ɗaga haɓarta, na toshe hancinta, na ɗora bakina a kan nata na hura. Sai wurin ya kaure.

"Subhanallahi! Mi shika yi haka? Matar aure ta hwa!"

"Ku hana shi mana! Gawa aka wa wanga wulaƙanci?"

Duk masu cewa a hana ni, babu wanda ya matso. Ko taɓa ni ma sun bar wa juna. Na haɗa tafukana a tsakiyar ƙirjinta na shiga dannawa ina ƙirgawa, na ji haƙarƙari ya ɗan tsage a ƙarƙashin hannuna, ban tsaya ba. Ban san sau nawa na koma bakinta ba. Can sai ta shaƙe, ta yi tari, ruwan laka ya bulbulo ta baki da hanci. Na juya ta a gefe. Matan suka daina kukan mutuwa suka koma wani kukan. Muka tare motar kasuwa aka kai ta asibiti a Malbaza, ta kwana biyu aka sallame ta.

To, nan fa waɗanda suka tsaya hannu a baya suka samu aiki, suka zama shaidu. Kafin kwana uku labari ya zama na sumbaci matar mutane a bainar jama'a. Kafin mako an gano cewa dama can na san ta, wai gidana take fara kai nono. Baffan mijinta, wanda shi ke da ta cewa a rugarsu, ya ce aure ya ɓaci. Aka kwashe ta da ciwon haƙarƙarinta aka mai da ta rugar iyayenta, ta bar 'ya'ya biyu. Liman ya ce babu zunubi a abin da na yi, amma a zaurensa ya faɗa, da murya ƙasa-ƙasa, ni kaɗai na ji.

Maigari ya aiko mini cewa an samu maslaha. In na zo na ba mijin haƙuri a gaban jama'a, za a mai da ta ɗakinta. Na ce ko da za a yanka ni. Na yi ta zage-zage a tsakar gida har akuya ta gudu. Matata ta bari na gama, tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Kai girmanka kaka ji. Ita ɗiyanta taka tunani."

Na tafi. Ƙofar gidan maigari ta cika maƙil, har da waɗanda ko jana'izar dangi ba sa zuwa a kan lokaci. Baffan yana zaune ya kumbura, sandarsa a kan cinya. Mijin kuwa saurayi ne siriri, kansa a ƙasa, yana ta murza bakin malafarsa. Sai ranar na fara ganinsa.

Maigari ya ce, "To, Likita, ga ka ga su."

Na cire hula, ni da na girmi uban yaron. Na ce, "Ranka shi daɗe, na taɓa iyalin mutum ba da izininsa ba. Ina ba shi haƙuri." Na ji na tsani kowa a wurin, har da kaina.

Baffan ya ce, "Kuma shi ce ba shi ƙarawa."

Na ce ba zan ƙara ba, na kuma san ƙarya nake yi. Jama'a suka yi ta gyaɗa kai, ransu fari tas, an gyara ɓarna. Aka shafa fatiha, maigari ya ce a yi musafaha, gobe a je a ɗauko ta.

Mijin ya taso ya kama hannuna da nasa biyu. Ya ƙi saki. Ya juya wa baffansa baya, ya sunkuyo kusa da kunnena yadda babu mai ji, ya ce, "Baba, jiya na tahi na gan ta a ɓoye. Ta ci abinci. Har ta tatsi nagge da kanta."

Sannan ya sake ni, ya ɗaure fuska, ya koma ya zauna kusa da baffansa.