Adda Safiyatu Ba Ta Yafe Ba

Adda Safiyatu mai waina ce a unguwar Rumde, kuma ƙani ɗaya Allah Ya ba ta, Bobboyi, gwanin bin sawun namun daji. Shekarar samun mulkin kai wani ɗan kasuwar Jimeta, Lawal, ya ɗauke shi zuwa dajin Faro neman ƙahon karkanda.

Lawal ya dawo da ƙaho, ya ce zazzaɓi ne ya kashe Bobboyi a hanya. Ishmael, wanda ya ɗaukar musu kaya, shi ya zo ya faɗa mata gaskiya. Karkanda mai shayarwa suka harba, kafin ta faɗi ta farke wa Bobboyi ciki. Yana kwance yana roƙon ruwa, Lawal ya sare ƙahon ya ce a tafi, kada masu gadin daji su riske su.

Ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta ce, "Karkanda ɗanta take karewa, ba ni da magana da ita."

Ta kwashe tanda da murhu ta kafa su daidai ƙofar shagon Lawal. Duk maharbin da ya zo wurinsa sai ta kira shi, ta zuba masa waina kyauta, ta ba shi labarin yadda Bobboyi ya mutu. Lawal ya kai ƙara wurin mai unguwa, ta ce a kawo Alƙur'ani ya dafa. Ya ƙi. Daga nan babu maharbin da ya yarda ya shiga daji da shi, masu gaishe shi ma suka ragu.

Lokacin da Yola ta koma Jihar Arewa Maso Gabas, maharba sun ce ko sawun karkanda sun daina gani. Lawal ya rufe shago, ciwo ya kwantar da shi a gidansa na Damilu. Ya aiko Modibbo, malamin unguwarsu, ya roƙe ta ta yafe masa.

Modibbo ya ce, "Adda, mutumin nan tafiya zai yi. Allah na son mai yafiya."

Ta juya waina ba ta ɗago ba. "Modibbo, ka ce masa wanda zai yafe yana can gaba. Su haɗu."

Ranar jana'izar Lawal ta hura wutarta kamar kullum. Bayan rasuwarsa ta ci gaba da suya a wurin, har ƙafa ta hana ta fita, 'yarta ta ɗauke ta zuwa Malkohi.