Zaren Cikin Rediyon Baba

Rediyon Baba nawa ne, aka ba Yaya don shi namiji ne. Ban yafe wannan rabon ba, kuma ban taɓa cewa na yafe ba.

Ba irin rediyon jin labarai ba ne. Akwatin ƙarfe ne mai nauyin tsiya, na mutanen da ke hira da juna daga ƙasa zuwa ƙasa don sha'awa kawai. Wani tsoho mai shagon gyara a unguwar Adum, wanda Baba ya yi wa aiki tun yana saurayi, shi ya bar masa. Baba bai taɓa magana a ciki ba, saurare kawai yake yi. Bayan la'asar, idan ruwa ya ɗauke, kwanon gidajen unguwarmu Akwatialine na ɗiga, sai ya kunna. Fitilun ciki su yi ja a hankali, ƙamshin ƙarfe mai ɗumi ya cika ɗaki. Ya murɗa maballi, allura ta yi tafiya a bayan gilashi, muryoyi su taso kamar daga ƙasan rijiya. Wani na dariya da yaren da ba mu sani ba, wani na ƙwanƙwasa tit-tit. Ni a lokacin na ɗauka allurar kwalekwale ce, mu biyu muna ciki.

Zare ne ke jan allurar, daga sandar maballi zuwa wani faifai. Idan ya tsinke, yatsun Baba ba sa shiga lungun. Nawa ke shiga. Tun ina da shekara tara nake ɗaura shi, Baba na riƙe da tocila yana cewa, "Sannu, uwata, kada ki ja da fushi." Haƙoran ƙarfen da ke cikin akwatin kuma da gashin kaza da kananzir muke wankewa, sannan ɗigo ɗaya na man keken ɗinki. Zaren ba ya son mai ko kaɗan. Garin ƙaro muke shafa masa don ya kama.

Da Baba ya rasu, Yaya ya kai rediyon falonsa, matarsa ta rufe shi da leshi ta ɗora furen roba. Shekara da shekaru yana nan shiru. Ni kuwa na yi aure, na yi tallar koko, na haifi biyar, sai da na haura arba'in na shiga makarantar manya na koyi karatu.

Wata ranar Laraba matar Yaya ta ce mini a kasuwa, gobe da hantsi mai sayen tsoffin ƙarafa zai zo ya ɗauke shi. Su dai fasawa suke yi su cire jan ƙarfe. Ko gida ban koma ba, na bi ta zuwa gidansu.

"A'a, malamar bokon tsufa," in ji Yaya da ya gan ni. "Yau ba makaranta?"

"Yaya, buɗe min akwatin nan."

"Ya mutu, ke. Har magani na yi masa, bai tashi ba."

Da na cire murfin na ga maganin. Man kaɗe. A nan Zango babu abin da man kaɗe ba ya warkarwa, ciwon baya, kaushi, ƙofa mai kuka. Maballi ya yi wa Yaya tauri, sai ya lafta wa haƙoran, ya lafta wa zaren. Man ya daskare, ya haɗa da gawar kiyashi. Kana murɗawa, zare na sulɓewa, allura na tsaye.

"Ka shafa masa kamar jaririn suna," na ce.

"To ai haka Inna ke mana."

"Shi ya sa kai ma ba ka motsi."

Ya yi dariya, ya aika matarsa ta kawo kananzir. Na fige gashi daga kazar tsakar gida, na zauna a ƙasa ina wanke haƙori ɗaya bayan ɗaya. Hannuna ya tuna abin da kaina ya manta. Haske ya shigo ta taga ya sauka a cikin murfin, sai na ga rubutun fensir. Tun ina yarinya nake ganinsa, na ɗauka zane ne. Na bi shi da yatsa harafi harafi, yadda aka koya mana. Baba ya rubuta: zagaye biyu da rabi a sanda, kada a sa mai, a kira yarinyar ta ɗaura.

Sai na ji kamar ruwa ya ɗauke, kwano na ɗiga, kwalekwalen na jiran mu a bakin gilashi.

Na murɗa a hankali. Faifan ya juya, allura ta matsa kamar faɗin farce, sai zaren ya tsinke. Mai ya riga ya cinye shi.

"Kin gani?" in ji Yaya. "Na riga na ba mutumin baki. Gobe da hantsi."

Na mayar da murfin, na tafi gida.

Washegari ina sallame asuba na biya wajen mai gyaran takalma na karɓi zare mai ƙarfi, na ƙulle garin ƙaro a bakin mayafi. Na ɗauki babban daro da gammo. Yaya na shan koko a ƙofar gida na wuce shi, na yaye leshin, na ce wa matarsa, "Kama min, ɗora min a kai."