Shekarar da Na Maimaita Kemistiri

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula na gama karatun share fage a jami'a. Ban faɗi ko darasi ɗaya ba. Sai dai makin da na samu a kemistiri da fiziks na tsaka-tsaki ne, kuma sashen likitanci ba ya ɗaukar tsaka-tsaki. Malamin da ke kula da ajinmu ya ce ko dai in karɓi gurbi a sashen nazarin tsirrai, ko in koma in maimaita darussan biyu, shekara guda cur.

"Idan na maimaita, za a ɗauke ni?" na tambaye shi.

"Wannan kuma ba zan yi miki alkawari ba," in ji shi.

Lokacin ina zaune a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi wajen yayata, nas ce a asibitin koyarwa. Ciki da falo ne a gidan haya. Idan tana aikin safe sai ta fita kafin gari ya waye sosai, ta dawo ta kwanta ko takalmi ba ta gama cirewa ba. Na yi ta neman lokacin da zan yi mata maganar, da na samu sai ta ce, "Ke za ki zauna a ajin, ba ni ba. Ki yi istihara."

Ƙawayena biyu da muke hawa bas tare sun wuce aji na gaba. Ba su guje ni ba, kawai dai lokacin fitarmu ya daina zama ɗaya. Da rana gidan yakan yi tsit, sai rediyon maƙwabta ana ta musu kan waɗanda za a naɗa kwamishinoni. Nakan fita in bi titi har kasuwar Tarauni, in sayo tumatir ɗin da akwai shi a bakin layinmu, don dai in ga mutane.

Ana haka Baba ya zo daga ƙauye a duba masa ido. Ya kwana biyu a falonmu. Bayan la'asar na kawo masa kunu, na durƙusa na yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya saurara har na kai aya.

"To, ba an ce kin ci ba?"

"Na ci, Baba. Bai isa ba ne."

"Ci kuma har da wanda bai isa ba?"

Ya daɗe yana juya ludayi a kwano. Can ya tambaye ni wanne nake so, ni a raina. Duk tsawon makonnin nan ba wanda ya tambaye ni haka, kuma sai na ji bakina ya ce ina so in koma.

Washegari na raka shi bakin titi. Yaran mota na ta kiran fasinja, shi kuwa ya tsaya yana gyara hula.

"Ki koma," ya ce. "Amma kada innarki ta ji. Za ta ɗauka korar ki aka yi, ta hana kanta barci."

Haka na koma na zauna cikin sababbin ɗalibai, a kujerar baya, ina sauraron abin da na riga na ji bara. Wasu sun ɗauka ni ma sabuwa ce, ban gyara musu ba. Da sallah na je gida, Inna ta riƙa nuna wa mata ni tana cewa ga likitarsu, har wata ta miƙo min ɗanta in duba masa ƙurji.

Kemistiri ya ɗaga sosai a karo na biyu. Fiziks kuwa da kyar ya motsa. Likitanci bai samu ba, aka ba ni sashen awon jini da gwaje-gwaje, kuma a nan na yi aiki har na fara furfura. Ranar da sakamakon ya fito yayata tana bakin aiki. Na dawo gida, na dafa taliya, na ci rabi, na rufe mata sauran.