Baba Tanimu, Direban da Ke Tsayawa Duba Sarƙa

Kafin ya tada mota, Baba Tanimu sai ya zagaye tirelarsa da guntun ƙarfe a hannu, yana ƙwanƙwasa sarƙoƙin da suka ɗaure kaya. Shekara talatin da ɗaya yana ɗauko gumaguman ice masu taushi da jiragen ruwa ke kawowa Legas daga ƙasashen waje, ya kawo su wurin masu yanka katako a Suleja. Satin jiya ya miƙa makulli, gwiwa ta ce ya isa.

'Yan'uwansa direbobi Sarkin Tsaye-tsaye suke ce masa, don a hanya ma ba ya yin nisa bai sauka ya duba ba. Oga Jide, mai injin katakon da yake kawo wa kaya, ya gaya mini dalili. Icen nan jiƙe yake baro teku. Yana hawowa Arewa yana bushewa, ɓawon yana saɓulewa, sarƙar da ta kama tamau a Legas sai ta saki tun kafin a iso Lokoja. "Wasu sun kifar mini da kaya a titi, Hajiya. Shi kuwa ko sau ɗaya," in ji shi.

Ni dai ban san wannan ba ranar da na tara masa jama'a a unguwar Kwamba, nan Suleja. Muna cikin keke napep ni da 'yata Jannat, za ta rubuta jarrabawa, mun makara, ga tirelar nan gabanmu. Ana dab da hawa tudu sai ya taka birki ya sauko. Kai, ranar bakina bai bar komai ba!

"Malam, titin na gidanku ne? Yarinya za ta rasa jarrabawa saboda kai!"

Ya je ya buga sarƙar baya. Sannan ya yafito ni: "Hajiya, sauko ki gani."

Na sauko ina huci. Sarƙar tana lilo kamar igiyar shanya. Gungume ɗaya, wanda mutum biyu ba sa rungume shi, ya zamo baya ya kai kamu guda, bakinsa na kallon kekenmu, daidai inda Jannat ke zaune da littafinta. Na zauna daɓas a bakin kwalta ina salati. Shi kuwa ya ɗaure kayansa, ya ce wa mai keken, "Ku wuce gaba, kada ta makara." Har yau in na tuna sai na sauke ajiyar zuciya in ce alhamdulillahi.

Baba, kai ne mai jinkirin alheri. Ka sha zagi da hon shekara da shekaru, ba ka taɓa barin surutunmu ya hana ka saukowa ba. Direbobin manyan motoci, don Allah ku yi koyi, ku tsaya ku duba, ku bar irina su yi ta masifa.

Jannat ta ci jarrabawarta, tana gaishe ka. Allah ya ba gwiwarka lafiya, ya saka maka da alheri. A gaban mutane na zage ka, Baba Tanimu, don haka a gaban mutane nake roƙonka ka yafe mini.