Dattijon da Ya Kama Ɗaya Gefen Allo

Allon sunan ƙungiyarmu yana kan kafaɗata mai ciwo. Fenti bai bushe ba, ba halin ajiyewa. Shugaba da sakatare kuwa suna ta musu ko a ƙara wata 'yar kalmar Turanci a gaban sunan. In allon ya faɗi ni ne da laifi.

Sai ga wani gajeren dattijo, rigarsa duk siminti, tafin hannunsa ya yi kanta. Ina jin birkila ne, wanda ya san nauyi. Bai ko karanta allon ba, ya ajiye jakarsa, ya sa kafaɗa.

"Sassauta, ƙanena," in ji shi. "Bar manya su gama, ni ba na sauri."

Allah ya saka masa.