Takalman da Na Kulle a Akwati

Na daɗe ina koyarwa, kuma yara da yawa da suka bi ta hannuna yau ko sunayensu ba na iya kawowa. Amma ranar da na sa wa mutum goma sha ɗaya sababbin takalma na tura su fili a Sakkwato, ita kam tana nan daram a kaina, kuma na san da ita za a kai ni kabari.

Bayan samun mulkin kai da 'yan shekaru ne, ina malamin firamare a Tambuwal. Muna da kulob na ƙwallon ƙafa a garin. Ni ne mai horarwa, ni ne sakatare, ni ne ma'aji, ni ne kuma mai raba faɗa, ba don na fi kowa iya ƙwallo ba, sai don ni ke da usur da alƙalami. 'Yan wasan kuwa yawancinsu manoma ne, sai tela ɗaya, da masinjan En'e, da malamai biyu. Duk a makaranta muka reno su. Yaro zai fara da ƙwallon tsumma a bayan aji, in na ga ƙafarsa da kyau na sa shi cikin 'yan makaranta, in ya yi ƙwari ya riƙa bin manya atisaye da yamma har ya samu gurbi.

Gasar lardi a lokacin kashi biyu ce. Akwai rukunin sama, inda kulob-kulob na kamfanoni da ma'aikatun birni suke. Filinsu kewaye yake da zana, ana biya a ƙofa, kuma in sun ga ɗan wasa mai kyau sukan ɗauke shi su ba shi aiki da albashi. Akwai kuma rukunin ƙasa, namu na gundumomi. A ƙarshen shekara, wanda ya zo na ɗaya a ƙasa zai kara da wanda ya zo na ƙarshe a sama, wasa ɗaya tak. Wanda ya ci shi ke zama sama, wanda aka ci ya sauko ko ya ci gaba da zama inda yake.

Mu ba mu da kamfani a bayanmu, gona ce ke riƙe da mu. Wani dattijo ya ba mu aron fili a bayan gari, muna shuka gyaɗa. Duk mai son ya sa rigar kulob sai ya riƙe fartanya ranar Asabar da safe, ko da kuwa shi ke cin ƙwallo uku a kowane wasa. Da gyaɗar nan muke biyan motar da za ta kai mu wasa, da ita muke sayen ƙwallo, da ita tela ke ɗinka riguna a kai marina. Filinmu ba shinge, saboda haka ranar wasa sai dai a zaga da ƙwarya, mai kwabo ya jefa, marar shi ya yi addu'a. Takalmi kuwa ko a mafarki. Da ƙafar da Allah Ya ba mu muke wasa, haka ma duk abokan karawarmu.

Akwai wani saurayi ɗan Kebbe da na gani wata rana da muka je can wasan sada zumunci. Siriri ne, ba ya magana, amma in ƙwallo ta zo ƙafarsa sai ka rantse da zare ya ɗaure ta. Da gefen ƙafa yake bugu, a hankali, ya aje ta inda gola ba ya kaiwa. Ban taɓa ganin irinsa ba, kuma har na bar harkar ban sake gani ba. Sai na hau keke na koma Kebbe takanas, na sami mahaifinsa, manomi mai 'yan shanunsa, na roƙe shi ya ba ni yaron. Na yi masa bayanin rukunin sama, da yadda in mun hau za a ga ɗansa a birni a ba shi aiki.

Tsohon ya ce, "Malam, shi kaɗai gare ni babba. Na ba ka shi daga wagga damina zuwa wata. In abin da kac ce ya tabbata, to. In bai tabbata ba, ka maido min shi, shanu na jiran shi."

Na ce, "Na yarda, Baba."

Yaron ya dawo Tambuwal ya zauna a ɗakin zauren gidana. Ya yi noman gyaɗar kulob da mu, aka yi kaka, aka shiga gasa. Shekarar nan ba wanda ya tsaya mana. Muka ci Dogon Daji gida da waje, muka bi sauran ɗaya bayan ɗaya, har muka zo na ɗaya. Sai ga takarda daga masu shirya gasa: wasan hawa sama a Sakkwato za a yi shi nan da mako shida, kuma dokar rukunin sama za a bi, wato ba mai shiga fili ba takalmi.

Ba mu yi wata-wata ba. Muka sayar da duk gyaɗar da ta rage a rumbu, in ban da iri, wani mahauci mai son mu ya ƙara mana da rago. Na sa kowane ɗan wasa ya taka takardar littafin makaranta, na zana ƙafarsa da fensir, na ɗauki takardun na tafi kanti a Sakkwato. Na dawo da takalma ƙafa goma sha ɗaya. Na yanzu ba za su gane irinsu ba. Fata ce mai kauri har idon sawu, bakin kamar dutse, a ƙasa kuma ga ƙulle-ƙullen fata da aka kafa da ƙusa. Ranar da na buɗe su a zaure, rabin unguwa sai da ya zo kallo. Da aka watse na mayar da su akwatin ƙarfe, na sa kwaɗo, na rataya mabuɗin a wuyana.

To, a nan na tafka ta. Amma ina da hujjata, kuma a lokacin gani nake ba mai hankali kamata. Filinmu tsakuwa ne, ƙulle-ƙullen nan ba za su yi mako uku a kansa ba sai sun cinye. In mun hau sama, da takalman nan za mu yi shekara cur, ga shi ba wata gyaɗa sai wata kaka. Na ce a raina, abin da muka sayar da rumbu muka saya ba zan bari a kashe shi a atisaye ba.

Akwai wani tsohon baduku da ke ɗinke mana ƙwallo in ta yage. Shi ya zo har gida ya ce in nuna masa ɗaya. Ya juya shi, ya danna bakin da babban yatsa, ya sa hannu ciki ya shafa.

Ya ce, "Malam, wagga fata ba ta san mutum ba tukuna. Ku sha mata man kaɗe, ku taka ta kullum, ko zuwa kasuwa ne. In kunka sa ta haka rana guda, cin ku za ta yi."

Na ce, "Baba, wannan ba irin fatarku ba ce, daga Ingila aka kawo shi."

Ya aje takalmin a hankali ya ce, "Ko ta ina ce, sa anka yanka." Ya ɗauki jakarsa ya fita.

'Yan wasa ma sun yi magana, tela har da fushi, na yi kunnen uwar shegu da su. Ɗan Kebbe sau ɗaya ya tambaye ni, muna cin tuwo. Ya ce, "Malam, ko nawa kaɗai ka ba ni in ɗan saba da shi?" Na ce in na ba shi sai kowa ya ce a ba shi. Bai sake tayar da zancen ba. Na sha tuna wannan tambaya, domin a gidana yake kwana, akwatin kuma yana ɗakin da ke kusa da nasa.

Ranar wasa muka shiga bayan lori tun da sassafe, muka isa birni kafin azahar. Bazara ce, ƙasa ta bushe ƙamas. Sai da ya rage kamar rabin sa'a a fara na buɗe akwati a gindin wata bishiya na rarraba. Wasu ko ɗaure igiya ba su iya ba, ni na durƙusa na ɗaura musu. Da suka miƙe suka nufi fili, sai na ga suna ɗaga ƙafa sama-sama kamar masu tsallake ruwa. 'Yan kallo suka fashe da dariya. A nan na fara shan jinin jikina.

Abokan karawarmu fa ba wasu gwanaye ba ne, su ne suka zo na ƙarshe a rukuninsu, kuma da ƙafa tsirara na tabbata da mun yi musu uku. Amma su takalmansu sun tsufa, sun laushi, sun bi ƙafa. Mu kuwa in mutum ya juya sai ya zame, in ya tare ƙwallo sai ta yi tsalle ta bar shi. Kafin a je hutu sun jefa mana ɗaya, kuma golanmu ne ya hana su zama huɗu.

Da aka busa hutu, suka zo suka zube a gindin bishiya. Ɗan Kebbe ya kwance takalmansa. Safarsa ta manne da jini a dunduniya, ga ƙusa ɗaya ta huda ta ciki ta shiga tafin ƙafa. Na nemi dutse na daddanna ta. Da aka koma, sai kawai na hango shi ya shiga fili ba takalmi. Cikin ɗan lokacin nan ya yanke mutum uku, ya aje wa masinjanmu ƙwallo a gaban raga, masinja ya tura ta ciki. Muka tashi da ihu, ashe alƙalin wasa ya riga ya busa. Ya nuna ƙafar yaron, ya soke cin, ya ce ko ya sa takalmi ko ya fita. Na ruga na roƙe shi, har da cewa ya dubi jinin. Ya ce, "Malam, ba ni na yi dokar ba, kuma an rubuto muku tun da wuri." Gaskiyarsa ce.

Yaron ya zauna a bakin layi ya mayar da takalman a kan ciwon, ya ɗaure, ya koma. Saura kaɗan a tashi aka yi masa ƙeta a gaban ragarsu, aka ba mu bugun daga kai sai gola. In mun ci an yi kunnen doki, a sake wasa wani mako, kuma mako guda ya ishe mu mu gyara kuskurena. Shi ya aje ƙwallon. Na san inda zai sa ta, na ga ya yi haka ba adadi a filinmu. Ya taho yana ɗingishi, ya kai gefen ƙafa yadda ya saba, amma bakin takalmin ya riga shi taɓa ta. Ta tashi ta wuce saman sanda ta faɗa bayan zana.

A hanyar komowa ba wanda ya zage ni, kuma da sun zage ni da na fi jin daɗi. Kowa ya cire takalmansa ya jefa cikin akwati.

Da ƙafar ɗan Kebbe ta warke, hadari ya fara haɗuwa, na raka shi Kebbe da kaina. Na zauna gaban mahaifinsa na faɗi gaskiya, na ce laifina ne ba na yaron ba, na roƙi a ƙara mini shekara ɗaya. Tsohon ya saurare ni har na gama.

Ya ce, "Malam, na ji, kuma ban riƙe ka da komi ba. Amma bara ni kaɗai niy yi noma, saniya biyu sunka mutu da rani don ba mai kai su fadama. Shekara guda munka yi da kai, na cika tawa."

Na juya na dubi yaron ko zai ce wani abu. Ya ce, "Malam, ka gaida mutanen gida." Ya tashi ya riƙe mini keke har bakin hanya.

Shekarar da ta biyo baya muka shafa wa takalman man kaɗe, muka taka su tun daga farkon gasa har suka laushi. Ƙulle-ƙullen suka cinye kamar yadda na ji tsoro, badukun nan ya sake mana wasu cikin yini biyu, a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Muka sake zuwa na ɗaya, muka ci wasan Sakkwato, muka hau sama. A shekararmu ta farko a can wani kamfani ya ɗauki mutum biyu daga cikinmu ya ba su aiki, kuma ba ɗayansu da ya kai rabin ɗan Kebbe. Na aika masa saƙo sau biyu. Na biyun ne aka dawo mini da amsa cewa mahaifinsa ya kwanta ciwo, gida duk yana kansa.

Abin da na koya shi ne, kayan aiki ba a adana shi a hana mai aikin, kuma in wanda ya san abu ya yi maka magana, ka saurara ko da bai taɓa shiga aji ba. Ni takalma na tsaya lissafin yadda za su kai baɗi, na manta cewa a cikin mutanen da za su sa su akwai wanda ba shi da baɗi, shekara ɗaya kawai aka ba shi, ni kuma na kashe masa ita.